Shirun Kofur: Yadda Wani Gida Ya Koyi Tuna Yaƙin Basasa

## Wanda nazarin ya shafa

Tsohon soja ne, mazaunin wani ƙaramin gari tsakanin Kano da Zariya. An sakaya sunansa da na garin. A unguwa Kofur ake ce masa, don da igiya biyu ya bar soja, kuma haka za a kira shi a nan. Ya yi yaƙin basasar Najeriya, wanda dattawan garin suka fi kira Yaƙin Ojukwu, daga ƙarshen 1967 har aka ajiye makamai. Shekara 47 bayan yaƙin, babu ɗa ko jika da ya taɓa jin labarin daga bakinsa. Da jikokin suka tasa sai suka samo nasu labarin a waya, kuma wanda suka samo ya kusa raba gidan.

## 1966 zuwa 1970: daga dako zuwa filin daga

Yana saurayi mai kimanin shekara 18, yana dakon buhunan gyaɗa a Kano, aka yi juyin mulkin 15 ga Janairun 1966, wanda ya ci rayukan Sardauna Ahmadu Bello da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da manyan hafsoshin Arewa irin su Birgediya Zakariya Maimalari. Yana Kano aka yi juyin ramuwa na 29 ga Yuli. Yana nan kuma aka yi kashe-kashen 'yan ƙabilar Ibo a watannin Satumba da Oktoba, abin da ya sa ɗaruruwan dubbai suka tattara komatsansu suka koma Gabas. Ranar 30 ga Mayun 1967 Odumegwu Ojukwu ya ayyana ƙasar Biyafara, ranar 6 ga Yuli aka fara ɓarin wuta.

Sojojin Najeriya ba su fi dubu 10 ba kafin yaƙin. Kafin a gama sun doshi dubu 250. Irin su Kofur ne suka cike wannan giɓi: 'yan dako, manoma, yaran da suka bar makaranta. Horon 'yan makonni aka ba shi a Zariya, aka tura shi Runduna ta Ɗaya ta Kanar Muhammadu Shuwa, ya tarar da ita bayan an kama Enugu a watan Oktoba. Da ita ya bi har hanyar Umuahia, wadda ta faɗi a Afrilun 1969. A wannan hanya ɓaraguzan nakiya suka shiga cinyarsa ta hagu, ya yi jinya, aka mayar da shi. Ranar 15 ga Janairun 1970 Philip Effiong, mataimakin Ojukwu, ya miƙa wuya ga Janar Yakubu Gowon a Barikin Dodan da ke Legas. Masu ƙiyasi sun sha bamban kan yawan waɗanda suka mutu, daga dubu 500 har zuwa miliyan 3, amma sun yi ittifaƙi cewa yunwa ta kashe fiye da harsashi, kuma akasarin waɗanda ta kashe yara ne.

## 1970 zuwa 2016: shekarun shiru

Gowon ya ce babu wanda ya ci nasara, babu wanda aka ci da yaƙi. Maganar ta hana ramuwar gayya, ta kuma buɗe hanya 'yan Ibo da yawa suka dawo Sabon Garin Kano da na Zariya. Amma a bakin sojoji irin su Kofur ta zama umarni: an gama, a yi shiru. An sallame shi a ragin sojoji na ƙarshen shekarun 1970, ya yi gadin wata masana'anta a Kano, daga baya ya koma gida noma.

Abin da iyalinsa suka sani game da yaƙin, a jikinsa suka gan shi. Ɗingishi. Firgitar dare, musamman da damina idan ana tsawa, wadda aka yi ta kai wa malamai ana rubutun sha da hayaƙi. Faɗa mai tsanani idan yaro ya bar tuwo a kwano. Sai kuma sadakar ƙosai da kunu da yake sa uwargidansa ta yi kowane azumi, yana tsaye yana ƙirga kason da kansa, leɓensa na motsi. Babu wanda ya tambaye shi. Babban ɗansa ba zai iya ba, akwai kunyar ɗan fari a tsakaninsu. Ko sunansa uban ba ya kira.

Makaranta ma ba ta cike giɓin ba. Daga zangon karatu na 2009/2010 aka cire Tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa a firamare da ƙaramar sakandare, daidai lokacin da jikokin Kofur ke waɗannan azuzuwa.

## Yunin 2017: abin ya fito fili

Ranar 30 ga Mayun 2017, cikar Biyafara shekara 50, ƙungiyar IPOB mai fafutukar kafa Biyafara ta sa aka yi zaman gida a Kudu maso Gabas. Ranar 6 ga Yuni gamayyar wasu ƙungiyoyin matasan Arewa ta taru a Gidan Arewa da ke Kaduna ta ba 'yan Ibo wa'adin barin Arewa kafin 1 ga Oktoba. Jikan Kofur, ɗalibin wata kwalejin kimiyya da fasaha mai shekara 22, ya shiga maganar tsundum. Kullum yana Facebook yana yaɗa hotunan Sardauna da kalaman a zo a gwabza, yana kafa hujja da cewa shi jikan mazan jiya ne.

Wata rana da daddare a zaure, cikin wasan jika da kaka, ya ce: "Tsoho, ku kun yi naku kun bar saura. Mu za mu ƙarasa." Kofur ya ture kwanon gabansa ya ce, "Kai, ka taɓa jin warin gawar da ta kwana uku a rana?" Ya tashi ya shige. Ya hana yaron shiga ɗakinsa, ya daina amsa gaisuwarsa. Gidan ya kasu: wasu na cewa yaro ya yi rashin kunya, wasu na cewa ai gaskiya ya faɗa, tsufa ne ya sanyaya tsohon.

## Yuli 2017: ƙwace waya da nasiha

Uban yaron ya ƙwace wayar, ya kai shi wurin limamin unguwa. Liman ya yi nasiha kan fitina da haƙƙin maƙwabci, ya tuna masa zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Yaron ya durƙusa ya ce ya ji. Kafin mako ya zagayo ya ari wayar abokinsa. Ranar 24 ga Agusta gamayyar ta janye wa'adin, zafin ya sauka a gari, amma kaka da jika ba su koma gaisawa ba.

## 15 ga Janairun 2018: faretin mazan jiya

Wani baffan yaron, ma'aikacin gwamnati, ya kawo shawarar a kai su biyun bikin Ranar Tunawa da Mazan Jiya a babban birnin jiha. Tunaninsa shi ne idan tsohon ya ga ana girmama shi zai saki baki, idan yaron ya ga tsofaffi da sanduna da guragu zai yi sanyi.

Wannan rana da can 11 ga Nuwamba ake yin ta, kamar sauran ƙasashen rainon Ingila, daga baya aka mayar da ita 15 ga Janairu saboda ranar ce aka kawo ƙarshen yaƙin basasa. Tsarinta ɗaya ne kowace shekara: a busa bigila, gwamna da manyan hafsoshi su ajiye furanni a gaban mutum-mutumin sojan da ba a san shi ba, a harba bindiga, a saki fararen tattabaru. A jawabi ɗaya ake haɗa waɗanda suka je Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, da na yaƙin basasa, da na Laberiya da Saliyo, da waɗanda Boko Haram ta kashe. Yaƙin da ya ba ranar kwananta layi ɗaya yake samu, ba a ambaton gari, ba a ambaton farar hula.

Akwai kuma wani abu da baffan bai lissafa ba. A kunnen mutumin Arewa, 15 ga Janairu ranar kashe Sardauna ce kafin ta zama ranar komai. Mutanen Kudu maso Gabas da yawa kuwa 30 ga Mayu suke tuna mamatansu. Yaƙi ɗaya, amma kowa da ranar makokinsa.

Kofur ya sa hularsa ta ƙungiyar tsofaffin sojoji ya zauna a rana. Da aka yi harbin ban girma jikinsa ya ɗauki ɓari, aka riƙo shi zuwa mota. Jikan kuwa kaki da fareti suka burge shi, ya dawo da hotuna ya ɗora a shafinsa da irin kalamansa na da.

## Tsakiyar 2018: mai bincike da na'urar naɗar murya

Wani ɗalibin jami'a mai rubuta kundin digiri na biyu ya zo ta hannun baffan, da jerin tambayoyi a takarda. Kofur ya ɗauka tantancewar fansho ce, ya fito da takardun sallamarsa a naɗe cikin leda. Da ya gane ba ita ba ce, ya faɗi lambarsa da bataliyarsa da sunayen garuruwa, ya ce umarni aka ba su suka bi, kuma don haɗa kan Najeriya suka yi. Da aka tambaye shi ko ya ga an kashe farar hula, ya ce lokacin salla ya yi. Daga baya ya gaya wa baffan cewa soja ba ya ba baƙo labarin bariki, balle wanda ke naɗa, ba a san inda muryar za ta kwana ba.

## Azumin 2019: littafin sunaye

Uwargidan Kofur ta rasu kafin wannan azumi, shi kuma yanar ido ta rufe masa gani. Aikin sadakar ya faɗo kan wata jikarsa, ƙanwar saurayin nan, ɗalibar makarantar koyon aikin jinya. Ita ce yake tsokana da amaryarsa. Tana zuba ƙosai ta ji yana ambaton sunaye ƙasa-ƙasa, suna ɗaya kaso ɗaya, ya tsaya a wani wuri ya kasa wucewa. Ta ce, "Angona, kishiyoyi kake lissafa mini?" Ya yi dariya, sannan ya ce mata sunaye biyu sun ɓace masa, shekara da shekaru yana riƙe da su, yau ya neme su ya rasa. Ya ce ta samo littafi ta rubuta sauran kafin su ma su tafi.

Haka aka fara. Littafin makaranta ne na rubutu. Kowane dare bayan sallar asham suna ɗaya, a ƙarƙashinsa garin mutumin, da ƙabilarsa, da inda ya mutu. Tambayarta kullum ɗaya ce: shi wannan wane ne? Ba ta taɓa cewa me ka yi ba. Idan ya yi shiru sai ta rufe littafi ta kawo masa kunu. Bayan 'yan kwanaki ta nemi izinin naɗa a waya, ya yarda da sharaɗin wayar ta zauna a kan tabarma inda hannunsa zai kai gare ta.

Sunayen sun haura 20, kuma kowanne ya jawo labarinsa. Yaron ƙasar Katagum da ya taka nakiyar nan da 'yan Biyafara suka ƙera da kansu, wadda suke kira ogbunigwe, ba a samu abin binnewa ba sai takalminsa. Wanda kogi ya ci da kayansa a baya. Wanda nasu suka harbe cikin duhu bisa kuskure, aka rubuta cewa abokan gaba ne. Wanda ya tsira da ransa amma ya haukace, aka gan shi shekaru bayan haka yana fareti shi kaɗai a wata tasha. Da Batibin da ya goya Kofur a baya ranar da nakiya ta same shi, wanda aka kashe kafin Kofur ya dawo daga jinya.

Kusan rabin sunayen ba Musulmi ba ne: Tibi, Angas, Bachama, mutanen Zuru. Wannan ne ya fara girgiza jikan nan, wanda ƙanwarsa ke tura wa muryoyin ta WhatsApp ba tare da ta ce masa komai ba. Shi a saninsa Hausawa Musulmi ne suka yaƙi Ibo Kirista. Bai taɓa tsayawa ya lura cewa Gowon kansa Ba'angashe ne Kirista ba. Wani kawu ya tayar da magana cewa ba a yi wa wanda ba Musulmi ba sadaka da addu'a. Aka kai wa liman, aka tsaya a kan cewa abinci na mabuƙata ne, addu'ar gafara ta Musulmi ce, sunaye kuwa a karanta su duka.

A goman ƙarshe Kofur ya sa aka buɗe sabon shafi na waɗanda bai san sunansu ba: yaran da suka riƙa tararwa a ƙauyuka, ciki ya kumbura, gashi ya yi ja, ana ba su abinci wasu ba sa iya haɗiyewa. Daga nan sai shafi na ƙarshe, suna ɗaya tak, kuma ba soja ba ne. Akawun rumbun gyaɗar da yake wa dako ne a Kano, ɗan Ibo, mutumin da ke biyansa lada yana ƙara masa da na goro. A farkon Oktoban 1966 Kofur na tsaye aka jawo shi. Ya kira Kofur da sunansa. Kofur bai taɓa shi ba, bai kuma ce uffan ba. A daren da aka rubuta wannan, jikan na bakin ƙofa. Kofur ya ji motsinsa ya ce ya shigo.

## Janairu zuwa Maris 2020: ɗaya ɓangaren

Akwai wani ɗan Ibo mai kemis a garin, haifaffen Kano, wanda aka gudu da shi Gabas yana yaro a 1966, ya dawo Arewa bayan yaƙi. Hausarsa ba ta da gargada. Shekaru Kofur na sayen maganin ciwon ƙafa a wurinsa, Baba ina kwana, Maikemis ya kasuwa, ba su taɓa wuce nan ba. Jikar ce ta haɗa su, daidai cikar ƙarshen yaƙin shekara 50.

Zaman farko, a shagon, bai yi kyau ba. Mutane suka taru, magana ta koma waye ya fara. Wannan ya ce kisan Sardauna, wancan ya ce kisan Sabon Gari, Maikemis ya kawo zancen fam 20 da aka ba waɗanda suka kai kuɗin Biyafara banki bayan yaƙi komai yawan abin da suka kai. Aka watse rai a ɓace.

Zama na biyu a zauren Kofur aka yi, su huɗu har da jikokin biyu, kuma jikar ta kafa sharaɗi: kowa abin da idonsa ya gani kawai. Maikemis ya ba da labarin farautar ƙadangare da ɓera, da jiragen agajin coci-coci da ke sauka da dare a Uli, a kan titin mota da aka mayar filin jirgi, suna kawo busasshen kifi da garin madara. Ƙannensa biyu ba su kai ga madarar ba. Ya ce duk 30 ga Mayu yakan rufe shago da wuri ya kunna kyandir biyu, kuma babu wata ƙungiya da ta sa shi.

A nan jikan ya tambayi abin da ya karanta a intanet game da Asaba, inda a 7 ga Oktoban 1967 sojojin Runduna ta Biyu suka tara maza da samari suka harbe ɗaruruwa, abin da mutanen garin ke tunawa har yau. Ya so kakansa ya ƙaryata. Kofur ya ce shi ba rundunarsa ba ce, bai je ba, amma tun a lokacin labarin ya iso musu, kuma ya ga abin da soja mai jin haushi ke yi idan hafsa ya kau da kai. Annobar korona ce ta katse zaman a watan Maris.

## 2021 zuwa yau: inda aka tsaya

A farkon Yunin 2021 Shugaba Muhammadu Buhari, wanda shi ma ya yi yaƙin, ya wallafa gargaɗi ga masu tayar da hankali a Kudu maso Gabas yana tuna musu da yaƙin basasa. Twitter ta goge saƙon, gwamnati ta dakatar da ita, cacar baki ta sake ɓarkewa. Jikan bai yaɗa komai ba sai hoton shafi ɗaya na littafin, mai sunan Batibin da na yaron Katagum. Wasu abokansa suka ce ya zama ɗan koren Ibo, wasu 'yan Kudu suka ce yana yabon makasa. Bai goge ba.

Kofur ya rasu a 2022. Firgitar dare ba ta bar shi ba. A makonnin da yake ba da labarin ma ƙaruwa ta yi. Ana karanta littafin a gidan kowane goman ƙarshe na azumi, jikan ne ke karantawa. Yunƙurin tara sauran tsofaffin sojojin garin bai je ko'ina ba, saura biyu aka samu, ɗayan kuma hankalinsa ya gushe. Bayan gwamnati ta ƙaddamar da dawo da darasin Tarihi a Nuwamban 2022, wani malamin ƙaramar sakandare ya nemi kwafe. An ba shi, amma kawun ya sa an cire shafin akawu.

## Hukunci

Hanyoyi ukun farko abu ɗaya ya kayar da su: kowace ta zo da matsayin da take so Kofur ya hau. Nasiha ta so ya zama hujjar wa'azi, fareti ya so shi gwarzo, mai bincike ya so shi mai ba da shaida, wataƙila ma wanda ake tuhuma. Mutumin da ke ɗauke da labarin akawu ba zai iya zama gwarzo ba, ba zai kuma tsaya a gaban baƙo a yi masa tambayar alƙali ba. Ƙwace waya kuwa ya cire wa yaron labarin ƙarya ba tare da an ba shi wani a madadinsa ba.

Littafin ya yi aiki saboda buƙatar tsohon ce, ba ta masu tambaya ba. Tsoron mantuwa ya fi ƙarfin rantsuwar bariki. Ya yi aiki saboda mai tambayar jika ce, wadda al'ada ta ba ta lasisin tsokana inda ta rufe bakin ɗa. Ya kuma hau kan abin da gidan ya saba da shi, wato sadakar azumi, ba furanni da bigila ba. Zaman Maikemis ya nuna cewa haɗa ɓangarori biyu kaɗai ba magani ba ne: a gaban taro gardama ya haifar, sai da aka rage mutane aka hana zancen waye ya fara.

Kada a kai abin inda bai kai ba. Yaro ɗaya ya canja, ba gari ba. An tono ciwon dattijo ba tare da likitan ƙwaƙwalwa a kusa ba, kuma ɗalibar jinya ta yi sa'a ne abin bai fi ƙarfinta ba. Tunanin mutum ɗaya ma ba tarihi ba ne: a muryoyin Kofur yakan sa wani gari gaban wani, ya haɗa damina biyu ta zama ɗaya, don haka malamin da zai koyar da littafin sai ya ajiye shi kusa da rubutaccen tarihi.

Cire shafin akawu kuskure ne. Kawun na gudun a ce gidansu an tsaya kallo, kuma tsoronsa abin fahimta ne. Amma idan aka cire shi, ɗalibai za su karanta jerin sojojin da suka mutu a Gabas ba tare da sanin abin da ya faru a Kano wata tara kafin a harba harsashin farko ba, kuma Kofur da bakinsa ya sa a rubuta shi.